Dubiyar Mara Lafiya a Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Uwa da Abokan Arziki

Da zarar labari ya bazu cewa an ba wane gado a asibiti, kafin la'asar sakaliya dangi da maƙwabta sun ɗinke hanya, kowa da kular abinci ko ledar lemo a hannu. Abin a yaba ne. Dubiyar mara lafiya tana cikin haƙƙoƙi biyar da Manzon Allah (SAW) ya ce Musulmi yana da su a kan ɗan uwansa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Bahaushe kuma ya ce zumunci a ƙafa yake. Sai dai da yawanmu mukan je ne don a ga mun zo, mu fita haƙƙi, ba ma tsayawa mu duba abin da zuwan namu ya bar wa wanda ke kwance. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu dubiya a asibitocinmu.

Wane lokaci ake shiga dubiya?

Kowane asibiti da nasa tsari, kuma yawanci a rubuce yake a bakin ƙofa. A mafi yawan manyan asibitocin gwamnati da yamma ne, wajen ƙarfe 4 zuwa 6. Wasu sukan buɗe na ɗan lokaci da sassafe saboda masu kawo ruwan zafi da karin kumallo. Kafin ka hau mota, buga wa mai jinya ka tambaya.

Hantsi lokacin aiki ne: likitoci suna zagaye gado-gado, ana wanke ciwo, ana ɗibar jini, ana shirya masu shiga tiyata. A asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, babban likita yana zagayen ne da ƙananan likitoci da ɗalibai, a yaye wa mutum riga ana tattauna ciwonsa. Ba wanda zai so maƙwabcinsa yana tsaye ana wannan.

Mun taso tun daga ƙauye, maigadi ya ce lokaci bai yi ba. Ba mu da haƙƙin ganin ɗan uwanmu ne?

Kuna da shi. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2018 ya ambaci haƙƙin a ziyarci mara lafiya, amma bisa dokokin asibitin da yake kwance. Maigadi ba shi ya kafa dokar ba, kuma shi za a tuhuma in ta karye. Maimakon cacar baki a bakin get, ku kira mai jinya ya je ya yi wa babbar nas ta ɗakin bayani cewa baƙi ne daga nesa, motar komawa za ta wuce su. Sau da yawa akan bar mutum ɗaya ko biyu su leƙa. Abin da ba za a bari ba shi ne mutanen da suka ciko bas su afka lokaci guda. Kar kuma a miƙa wa maigadi na goro don ya kau da kai. Gobe talakan da ba shi da abin bayarwa ne zai sha rana a waje.

Mutum nawa za su shiga, kuma a daɗe kamar yaya?

Biyu a bakin gado, in sun fito wasu biyu su shiga. Minti goma zuwa sha biyar sun isa. Yi lissafi da kanka: ɗaki mai gado 20, kowane gado da mutum takwas a kansa, mutum 160 ke nan, ga zafin bazara, ga shi an ɗauke wuta fanka ta tsaya.

Mara lafiyarmu kuwa ba zai taɓa buɗe baki ya ce ya gaji ba. Zai yunƙura ya tashi zaune saboda surukinsa ya shigo, ya yi ta amsa "da sauƙi" har muryarsa ta dishe. Matar da aka yi wa aiki jiya za ta laluba mayafi tana cije leɓe. Wata fitsari ya matse ta tun ɗazu, amma kunya ta hana ta neman fo don ɗakin cike yake da dangin miji. Kai mai lafiya kai ne za ka lura. In ka ga ido ya fara lumshewa, ko amsa ta koma gyaɗa kai, yi addu'a ka tashi. In ka tarar yana barci, kar ka tashe shi don ya san ka zo. Mai jinya zai faɗa masa. Kuma a nemi kujera ko a tsaya, ban da zama a kan gadon.

Me ya kamata in ce masa?

Abin da aka saba ya wadatar: "Sannu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne." Ya tabbata cewa idan Annabi (SAW) ya shiga wurin mara lafiya yakan ce "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah", wato ba komai, tsarkakewa ce in Allah ya so. Akwai kuma addu'ar da ake maimaitawa sau bakwai: "As'alullahal Azim, Rabbal Arshil Azim, an yashfiyaka." A yi ta ƙasa-ƙasa, don wataƙila na gadon kusa yanzu barci ya ɗauke shi bayan ya kwana yana juyi.

Inda ake samun matsala shi ne abin da ke biyo bayan gaisuwar. Kar ka dafe ƙirji ka ce "Innalillahi, haka ka rame?" Ya riga ya sani. Kar ka ce "Ai irin ciwon da ya ɗauke wane ke nan." Kar ka tsare shi da "me likita ya ce yana damun ka?" in ba shi ya fara zancen ba, don akwai ciwon da mutum ba ya son ko mahaifiyarsa ta ji. Mafi muni a ganina su ne masu zuwa da nasu binciken: "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa maka," ko "Ke dai ki sa ido a kan kishiyarki." Mutum yana fama da jikinsa an ɗora masa zargi, an kuma sa ya fara shakkar maganin da ake ba shi. Labarin rasuwa, bashin kasuwa da rigimar fili duk su jira ya miƙe. Wanda kuka ya zo masa ya fita baranda ya yi, ya wanke fuska sannan ya dawo.

Wane abinci zan kai?

Tambayi mai jinya ko nas kafin a ɗora tukunya. Wanda za a yi wa tiyata akan hana shi abinci na aƙalla awa shida, domin idan aka sa shi barci abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu. Cokali uku na kunu da gwaggo ta ba shi a ɓoye don tausayi sun isa a ɗage aikin. In kuma aka ɓoye wa likita aka shiga da shi haka, abin yana iya zama na rai. Wanda aka yi wa aiki a hanji ma sai likita ya ce a fara, kuma da kurɓin ruwa ake farawa. In ka ga an rubuta NPO a jikin gado, ana nufin ko ruwa kar ya shiga bakinsa. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma sau da yawa haɗiya takan gagare shi, ɗura masa kunu yana kwance yana sa ya sarƙe, daga nan sai ciwon huhu.

Sai kayan dubiyar da muka saba: lemon kwalba, maltina, madarar gwangwani, ayaba, lemon zaƙi, dabino. Ga mai zazzaɓin da ya fara farfaɗowa ba laifi. Ga mai ciwon suga, katon ɗin maltina jarrabawa ce kawai ka ajiye masa a gefen gado. Ga wanda ƙodarsa ta gaza, musamman mai zuwa wankin ƙoda, ayaba da dabino da lemo suna ɗauke da sinadarin fotasiyam mai yawa. Ƙodar ba ta iya fitar da shi, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Ruwan shansa ma auna masa ake yi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa, farfesun da ya ji gishiri da dunƙule ba nasa ba ne.

In ka riga ka kawo ba a yi asara ba. Mai jinya ya ci, ko a tambayi nas a miƙa wa na gadon can da tun da aka kwantar da shi ba a ga kowa nasa ba. Kar dai a bar kwanuka a buɗe su kwana a ƙarƙashin gado.

Na zo da rubutu da wani jiƙo da ya yi wa mutane da yawa amfani. Zan iya ba shi?

Addu'a ba mai hana ka. Abin da zai shiga ciki ne ake magana. Jiƙo, sassaƙe, tsimi, garin magani, ba wanda ya san yawan abin da ke cikinsu, kuma hanta da ƙodar da ke fama da maganin asibiti su ne dai za su sarrafa su. Likita zai ga sakamakon gwaji ya rikice, ya canza magani ko ya ƙara, bai san akwai gora a bayan matashi ba. Rubutu da ruwan Zamzam, in an hana shi shan komai su ma a dakata, a shafa masa a jiki nesa da ciwo ko a ajiye sai an ba da izini. Haka tofi, ban da kan rauni ko wurin ɗinki. Ragowar ƙwayoyin da suka yi maka aiki bara ma ka bar su a gida. In an riga an ba shi wani abu, a faɗa wa likita gaskiya. Zai yi faɗa, amma zai san abin da yake nema.

Dole ne sai na wanke hannu? Ai ba ciwon zan taɓa ba.

Dole ne, kafin ka taɓa shi da kuma bayan ka gama. Hannun nan ya riƙe kuɗi, ya kama ƙarfen A Daidaita Sahu, ya gaisa da mutane tun daga gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin sabulu da ruwa ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, na sanitaiza 20 zuwa 30. In mara lafiyan yana gudawa, ko hannunka ya ɓaci a zahiri, sai sabulu da ruwa. Bin gado-gado ana musabaha kuma a bari; ɗaga hannu da "sannunku, Allah ya ba ku lafiya" ya isar.

Zan iya zuwa da yara? Ni kuma ina ɗan fama da mura.

A bar yara a gida. Yaro zai taɓa ƙasa, ya taɓa bokitin shara, ya kai hannu baki. Ƙwayar cutar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. In uwa ce ke kwance kewar 'ya'yanta ta dame ta, a haɗa su ta kiran bidiyo, ko a nemi izini a fito da ita baranda.

Kai kuma mai mura, tari, gudawa ko ƙuraje, zauna a gida ka buga waya. Murar da ba ta hana ka zuwa kasuwa ba tana iya kai mai sikila, ko mai karɓar maganin ciwon daji, ko bakwaini, ga robar oksijin.

An killace shi, an ce ba mai shiga ko matarsa. Mu zuba ido ke nan?

Ku bi umarnin. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, daga ɓera yake tasowa, amma yana bin jini da fitsari da amai daga mutum zuwa mutum, kuma ya ci rayukan likitoci da nas-nas da dama a ƙasar nan. Yana iya kai kwana 21 kafin ya nuna, shi ya sa ake rubuta sunan duk wanda ya yi hulɗa da mai shi ana bibiya. In an tambaye ku, kar ku ɓoye kowa. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 ta tari da numfashi yake yaɗuwa. A 2014 Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da Ebola Legas duk da matsin da ta sha. Ta rasa ranta, amma waɗanda suka kamu a Najeriya ba su wuce 20 ba.

Akwai abin yi daga waje: a kai abinci da kayan sawa a ba ma'aikata su shigar, a sa masa kati a waya, a riƙa kiran sa. In Allah ya karɓi abinsa, kar a yi rigimar ƙwatar gawa. Ma'aikatan da ke da kayan kariya su shirya shi, a yi masa sallah yadda suka tsara. Mai tambaya kan irin waɗannan cututtuka yana iya kiran NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, kyauta a 6232.

An sauka lafiya. Mu je barka asibiti ko mu jira gida?

Ku jira gida, ga suna nan tafe. In ya zama dole, mata biyu sun isa, maza su tsaya daga waje, don ɗakin akwai matan mutane da ba su kimtsa ba. A wanke hannu kafin a karɓi jariri, kar a yi ta yawo da shi hannu-hannu, kar a sumbace shi, balle mai ƙurajen zazzaɓi a leɓe. Ba a ba shi ruwa, ba a lasa masa zuma: zuma takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin yaron da bai shekara ba ba ya iya yaƙa. Dakashi, nonon farkon nan mai kauri, shi ne kariyarsa, kar wata ta ce a matse a zubar. Cibiya kuma abin da asibiti suka bayar kaɗai za a sa mata, ban da man goge baki da gashi da tsumma.

Kunun kanwa ma a tambaya tukuna. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego. Wadda ta haihu da hawan jini ko kumburin ƙafa, kanwa ba tata ba ce. Jaririn da aka sa a kwalba kuwa, uwarsa ce ke shiga.

Laifi ne in ɗauki hotonsa in sa a WhatsApp don a taya mu addu'a?

In ba shi ya yarda ba yana cikin hayyacinsa, laifi ne. Addu'a ba ta bukatar hoton dattijo da roba a hanci, ƙirji a buɗe. Hoton zai kai wayar 'yarsa da ke makaranta kafin a kira ta, kuma sau da yawa na gadon kusa yana ciki bai sani ba. Ko neman taimakon kuɗi za a yi, a nemi yardarsa, a suturta shi.

Ni wan mahaifinsa ne, amma likita ya ƙi gaya mini abin da ke damun sa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin ciwon mutum sirrinsa ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa ko inda doka ta tilasta. Iyali su wakilta mutum ɗaya wanda mara lafiyan ya aminta da shi, shi zai riƙa ganin likita ya isar wa saura. Fayil ɗin da ke bakin gado kuma ba na karatun 'yan dubiya ba ne.

Ƙarin ruwan ya tsaya, nas ba ta kusa. In ɗan murɗa?

A'a, je ka kira ta. Saurin ɗigar nan lissafi ne. Akwai magungunan da in suka shiga da gudu suke illa, ruwa mai yawa kuma yana taruwa a huhun yaro ko mai ciwon zuciya. Ledar fitsari kar a ɗora ta a kan gado, kar kuma a zubar ba a tambaya ba, don aunawa ake yi. Inda ake ba wani oksijin, ashana, sigari, risho, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk haramun ne, gobara ce ake gudu. Humra da turare mai ƙarfi ma a rage, suna tayar da asma da amai.

Sau da yawa nas biyu ne a kan ɗaki guda, musamman da dare. In kun ga sakaci na gaske, ku kai ƙara wurin babbar nas, ko ofishin karɓar ƙorafi na SERVICOM a asibitocin tarayya. Zagi da kai hannu ba sa sa ruwa ya ɗiga, sai dai su kai mutum ofishin 'yan sanda.

To me ya fi amfani in kai?

Kuɗi, jini, da hutu ga mai jinya. A yawancin asibitocinmu sai an biya ake yin gwaji, sai an sayo ake ba da magani, wani lokaci har safar hannu da sirinji. Abin da za ka kashe a katon ɗin lemo, damƙa wa mai jinya a ɓoye, ko ka karɓi takardar maganin ka je ka sayo.

In an ce ana neman jini, a nan ake gane 'yan uwa. Mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, mai lafiya, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, namiji yana iya maimaitawa bayan wata uku, mace bayan huɗu. Ana gwada jinin don ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Ko rukuninku bai zo ɗaya ba, akan karɓi naka a musanya masa da wanda ya dace. 'Yan uwa goma da suka zo da ayaba, a ce ba mai miƙa hannu sai an je neman na sayarwa, abin kunya ne, kuma dokar 2014 ɗin nan ta hana cinikin jini.

Mai jinya kuwa kowa yakan manta da ita. Tana kwana a tabarma ko a kujera sauro yana cizo, ita ce wanki, ita ce layin biyan kuɗi, ita ce zubar da fo. Karɓe ta na wuni guda ta je gida ta yi wanka ta runtsa, ko ki ɗauke mata yaran da ta bari.

Ya kwana biyu ba sauƙi. Wasu sun ce mu cire shi mu kai wa mai ɗori.

Baligi mai hankali yana da damar ƙin magani, zai sa hannu a takarda ya tafi. Amma wannan shawara bai kamata ta fito daga bakin ɗan dubiyar da zai koma gidansa da magariba ba. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ɗaurin karan da ya matse har jini ya daina gudu, ƙarshensu ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta ruɓe, a dawo da mutum asibitin ƙashi irin na Dala lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa. In kuɗi ne matsalar, a faɗa wa likita ƙarara, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya. In hankalinku bai kwanta da aikin ba, ku nemi a ba ku takardar tura shi wani asibitin.

Ba ya cikin hayyacinsa. Akwai amfanin zuwa?

Akwai. A ɗakin kulawa ta musamman mutum ɗaya ake bari, na 'yan mintuna, bayan ya bi ƙa'idar shiga. Faɗi sunanka, yi masa magana kamar yana ji, don akwai waɗanda suka farfaɗo suka maimaita abin da aka faɗa a kansu. Zancen likkafani da rabon gado a yi shi a waje. In alamu sun nuna lokaci ya yi, a ja labule, a riƙa laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba tare da takura ba. Kururuwa tana firgita sauran marasa lafiya, su ma da ransu a hannu suke.

Wanda ba addininmu ɗaya ba fa? Da mai taɓin hankali?

A je. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya je dubiyar wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima. Waɗanda ke kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau, Barnawa da Kware, da matan da ke jinyar yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, su ne dangi suka fi ƙaurace wa, alhali su suka fi daɗewa a kwance. A asibitin ƙwaƙwalwa, nuna wa ma'aikata duk abin da ka zo da shi kafin ka miƙa. Reza, igiya da ƙwayoyi ba sa shiga.

An sallame shi. Shi ke nan?

Sallama tana nufin zai iya ƙarasa jinya a gida, don haka kar a cika masa ɗaki ranar da ya dawo, dokar abinci kuma tana nan. Maganin tarin fuka aƙalla wata shida ake sha, na hawan jini da suga ba a ajiyewa don an ji sauƙi, kar wani ya ce masa "ai ka warke, bar wahalar da kanka." Ka ɗaga taka dubiyar zuwa mako na biyu, lokacin da ƙafa ta ɗauke kuma asibiti ya cinye abin da ke gidan. Ka tambayi ranar komawa ganin likita, in kana da mota ko mashin ka ce kai za ka kai shi.